Lambu A Bisa Fako: Jawabi Ga Taron Manoman Ƙauyuka



Duk ƙauyen da muka shiga a wannan gefen Filato, kukan ɗaya ne: ana so a yi lambu, amma bayan gida fako ne. Gaskiya ne kuwa. Wani wurin marmara ce, fartanya tana bugawa tana tsalle. Wani wurin kuma, kamar kewayen Bukuru da Barikin Ladi, haƙar kuza ta shekaru masu yawa ta juye ƙasa, ta binne mai kyau, ta bar tsakuwa a sama. Mai fadama ba ruwansa da wannan magana. Amma gwauruwar da ba ta da fadama, ba ta kuma da kuɗin buhun takin zamani, dole ta sayi ganyen miya kullum, in babu kuɗi yara su sha miyar haka nan. Saboda irinta muka zo.

Shawararmu ita ce, in ƙasa ta ƙi, a ɗora wata a kanta. Wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taɓa tada kunyar doya ya san rabin aikin. Mutanen dutsen Sukur a Jihar Adamawa sun daɗe suna jera duwatsu suna tare ƙasa a gangare, har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Gadon lambu ƙanen waɗannan ne.

Ku zaɓi wurin da rana take samu sosai, kusa da ruwa. Faɗin gadon kada ya wuce santimita 120, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, gama da zarar an fara taka shi, ƙasar za ta daddale ta koma abin da muka gudu. Tsayinsa santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Tsawon mita 3 ya isa a fara da shi. Ku kewaye da dutse, ai ba mu rasa dutse ba a nan, ko tubali, ko fasassun bulo. Katako da kara suna yi, sai dai gara ba ta barinsu su daɗe.

Kafin ku zuba kome, ku fasa gindin da diga, ko da kaɗan ne, domin ruwa ya sami hanyar sauka. Sai ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa da yankakken kara. A kai ku zuba ƙasa mai kyau kwando biyu, ruɓaɓɓen taki kwando ɗaya, a cuɗa, haka har ya cika. In ƙasar laka ce, a ƙara yashi ko buntun shinkafa. A barbaɗa tokar murhu kaɗan, gama ƙasarmu tana da tsami, toka kuwa tana rage shi. A ba shi ruwa, a bar shi sati biyu. Zai sauka, sai a cike.

Mun ce ruɓaɓɓen taki, kuma da dalili. Gadonmu na farko, garin sauri muka kwaso ɗanyen kashin kaji muka zuba, muka dasa tumatir. Cikin kwana kaɗan dashen ya ƙone kurmus. Wata mama da ta hana mu tun farko ba ta ce uffan ba, sai murmushi, mu masu takardar shaida kuwa muka sunkuyar da kai. A tara taki a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa wata biyu zuwa uku, sai zafinsa ya fita, ya yi ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. In daga bola kuka ɗebo, ku tsince leda da kwalba, tsohon batir kuwa kada ko ɗaya ya shiga, domin gubarsa tana zama a ƙasa.

Ba za mu ɓoye muku aibinsa ba: gado yana bushewa da wuri. Da hunturu sai an rufe samansa da ciyawa, a yi ban ruwa safe da yamma. 'Yan'uwanmu na can arewa masu jigawa, fangalin da suka saba ya fi musu da rani, don yana riƙe ruwa. Gado na mai fako ne, da wanda ruwa ke kwanta masa a Yuli da Agusta.

Ku fara da alayyafo, wata guda ana tsinka. Karas ma yana son gado, don saiwarsa tana samun sakewa. In kun cire tumatir, kada ku bi shi da barkono ko gauta, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ku sa wake a tsakani. Darni kuwa a yi shi tun kafin shuka, kun san halin awaki.

Bayan abinci za mu fita fili mu gina ɗaya tare. Mai diga ya kawo, mai kwanon gini ya kawo, matasa su fara tara duwatsu.