Baudeta, Ƙasarta da Jama'arta: Jawabin da Aka Karanta a Taron Ƙungiya



Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, da ƴan'uwa da suka taso daga Tasawa, Maraɗi, Damagaram, Yamai, Katsina da Kano, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya. Ƙungiya ta ɗora mana nauyin mu yi bayani game da garinmu: inda yake, abin da ya wuce a kansa, da yawan jama'arsa. Sa'an nan a ƙarshe muna da roƙo.

Inda muke

Kamar yadda kuka sani, Baudeta tana cikin gundumar Tasawa, jahar Maraɗi. Gundumar nan ƙananan hukumomi 7 gare ta, watau Tasawa, Maijirgi, Urafan, Korgom, Kona, Hawandawaki da Baudeta. Babban titin da ya haɗa Maraɗi da Damagaram ta Tasawa ya bi, mu kuwa muna kudu da shi, iyakar Najeriya ba ta da nisa da mu. Can wajen Mayahi akwai Gulbin Kaba, ƙasar goruba, inda kaba ke ba mutane tabarma da igiya.

Yawancin ƙasarmu jigawa ce. Damina ɗaya muke da ita, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikinta za a nemi abin da za a ci wata goma sha biyu: gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. Hausawa da Fulani muke zaune tare, kuma an san Baudeta da Hawandawaki da sarautar Fulani tun da daɗewa.

Abin da ya wuce

Tarihinmu a ɗaure yake da na Katsina. Da jihadin 1804 ya ci birnin Katsina, sai gidan sarautar Haɓe ya yiwo arewa, wasu suka kafu a Maraɗi, wasu a Tasawa. A 1851 Bature Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Kano. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi mummunar ɓarna a Koran Kalgo. A cikin watan Yuli na shekarar nan, kusa da Maijirgi, sojojinsu da kansu suka harbe su. Bayan haka Faransawa da Ingilishi suka shata iyaka, aka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Ran nan aka wayi gari wa yana ƙasa ɗaya, ƙane yana wata.

Nijar ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. Lokacin gyaɗa ce kuɗin talaka, da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan arziki. Sai ga yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. An sake shan wuya a 2005 da 2010. Kowace yunwa ta ƙara yawan masu tafiya ci-rani, kuma da yawa daga cikinmu nan sanadin fitarmu ke nan. Dokar 2002 ita ta mai da Baudeta ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, aka yi zaɓen kansiloli na farko a 2004.

Yawan jama'a

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A 1988 sun haura miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuwa miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012 jahar Maraɗi kaɗai tana da mutum miliyan 3 da dubu 400, gundumar Tasawa kuma ta wuce rabin miliyan. Watau cikin shekara 35 jama'a ta ninka fiye da sau uku. Haihuwa albarka ce, mun gode Allah. Amma fa ƙasa ba ta haihuwa. Faɗin da kakanninmu suka bar mata, shi ne faɗinta har yau.

Alal misali, mutum ya rasu ya bar gandu kadada 10 da ƴaƴa maza 5. Kowa ya tashi da kadada 2. In kowannensu ya bar ƴaƴa 4, jikoki sun koma rabin kadada, alhali kuwa kowa da iyalinsa. Shi ya sa babu sauran saura. Gona ba ta hutawa, ƙarfinta na raguwa. Gamanar da miji ke ba mace ita ake fara janyewa in wuri ya ƙure. Daga nan sai a fara cin burtali da bakin mashaya, makiyayi ya rasa inda zai bi da dabbobinsa. Da can Bafulatani yakan zaunar da garke a gona bayan kaka, ya bar taki, ya karɓi damman gero, kowa ya amfana. Ba mu manta da abin da ya faru a Toda ba a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Allah ya tsare mu da ganin irinsa.

Roƙonmu

Na ɗaya, ga ku iyayenmu. Ku kuka san wanda ya sari kowane daji, wanda ya gina kowace rijiya, da inda burtali ya bi tun asali. An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Muna roƙon ku zauna da ƴan lakwal da almajiranmu su rubuta wannan duka, da boko da ajami, a ajiye a littafin ƙungiya tun kuna da rai da lafiya.

Na biyu, ga ƴan ci-rani. Kada matsin wata ɗaya ya sa a sayar da gonar gado. Wanda ya sayar da ita ya sayar da wurin komawarsa. In lalle sai an yi aro ko jingina, a yi shi gaban mai gari da shaidu, a karɓi takarda. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, domin wannan aiki. Haka kuma rabon ƴan'uwa mata a cikin gado haƙƙi ne da addini ya tabbatar, a ba su abinsu.

Na uku, ga manoma. Lokacin sassabe a bar tohon itace, a gyara shi ya girma, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ciyar da ƙasa. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun yi haka tun bayan 1984, gonakinsu kuwa sun shaida. Tun da ba mu da wurin ƙara faɗi, sai mu ƙara wa wadda muke da ita ƙarfi.

Na huɗu, duk jaririn da aka haifa, a gida ko a bariki, a yi masa takardar haihuwa. Ranar ƙidaya kuma kowa ya ba da sunan iyalinsa cikakke, domin da lissafin mutane hukuma ke raba lakwal, rijiya da gidan likita.

Wanda ke da gyara ko ƙari, sai ya miƙa wa magatakardan ƙungiya kafin a buga fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.