Jawabin ranar biki: Kafin yaro ya tashi zuwa ƙasar sanyi



Mu a nan Jambutu mun san hanya. Kafin mu ɗora kaya zuwa Yola ko Mubi ko Njamena, sai mun lissafa kuɗin mota da na duwan da na kwana. Yanzu 'ya'yanmu na tafiya Kanada karatu ko aiki, musamman jihar Kebek saboda Faransanci. Sai mu ga an haɗa kuɗin biza da na jirgi, an manta da kuɗin sanyi.

A Garwa, cikin Maris da Afrilu, zafi kan wuce digiri 40. A Monreyal, birni mafi girma a Kebek, sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Rigar sanyin da muke saye a gwanjo ba za ta tare shi ba, sai an sayi babbar riga da takalmin ƙanƙara da safar hannu a can. Wurin kama haya, yaro ya tambaya ko kuɗin ɗumama ɗaki na cikin hayar, in ba haka ba kuɗin wuta ya cinye masa guzuri.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gawayi. A nan da hunturu mukan shiga ɗaki da kaskon wuta. Can ɗakuna a toshe suke, kuma iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ku ja musu kunne.

Iyaye mata, kada a cusa kilishi a jaka. Ba a shiga da shi, kuma duk abincin da aka ɗauka sai an bayyana shi a filin jirgi. Kuɗi ma in sun kai dalar Kanada 10,000 sai an faɗa.

Cikin Disamba ana magariba da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Yaro ya fita da duhu ya dawo da duhu, kaɗaici ya kama shi. Kafin ya tashi, a nemo masa ɗan gida da masallacin da zai riƙa zuwa. Mu kuma mu riƙa kiransa, ba sai ranar da muke son aike ba.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa.