Ina Ya Kamata a Sa Hita a Gidan Ƙyanƙyasar Kifi?



Mun lura waɗansunku sun yi murmushi da suka ga kan maganarmu a jikin allo. A ƙasar da zafin bazara ke kai digiri 40, wa zai tara mutane ya yi musu bayanin ɗumama ruwa? To, a yi mana haƙuri. Mu 'yan ƙasar Dawakin Tofa ne, kuma abin da za mu faɗa asara ce ta karantar da mu shi kafin littafi.

Ƙasarmu ƙasar noma ce mai cikar jama'a. Gona na jikin gona, rabon gado kuma na ƙara tsattsaga ta, har saurayi ya tashi ya tarar kasonsa ba zai ci da gida ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana cikin ƙaramar hukumarmu, amma ba kowa ke da jarin shigarta ba. Saboda haka waɗansu samari suka juya ga sana'ar da ba ta cin fili, watau kiwon tarwada cikin tankuna a bayan gida. Wanda idonsa ya buɗe kuwa yakan yi sha'awar ƙyanƙyasa da kansa, musamman da hunturu, lokacin da 'ya'yan kifi ke wuyar samu.

Dalilin wuyarsu shi ne sanyi. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Tarwada ta fi walwala tsakanin digiri 26 da 30. A irin wannan ɗumi ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya, amma idan ruwa ya sauka zuwa digiri 20 sai ya haura kwana biyu, da yawa kuma su lalace a hanya. A watannin Disamba da Janairu kuwa daren ƙasar Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15.

A hunturun da ya wuce mu huɗu muka haɗa 'yan kuɗinmu, muka gina tankuna shida a wani ɗaki, kowanne mai cin lita 500. Ruwansu duka yana gangarawa ta bututu zuwa wani kwarami na siminti mai ɗakuna uku, inda ake tace shi, sa'an nan inji ya sake tura shi sama. Muka sayo hita babba guda ɗaya, irin mai kashe kanta idan ruwa ya yi ɗumi, muka rataye ta a kusurwar tanki na farko kusa da sama, domin nan ne wayarta ta kai. Muka ɗaura ma'aunin zafi a gefenta. Da dare ya nuna 29, muka tafi muka kwanta da farin ciki. Da asuba muka tarar 'ya'yan kifin tankunan ƙarshe sun kwanta fari fat a ƙasa. Muka tsoma ma'aunin a can, ya nuna 21.

Hitar ba ta yi laifi ba. Wanda ya yi kimiyya a sakandare zai tuna gwajin da ake danne ƙanƙara a gindin kwalbar gwaji, a sa wuta a samanta, ruwan sama ya tafasa alhali ƙanƙarar na nan ba ta narke ba. Ruwa ba ya miƙa zafi da sauƙi, kuma ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya tsaya a sama. Hitarmu ta ɗumama 'yar kusurwarta inda ruwa ba ya motsi, ta ji ɗumi ya kewaye ta, ta kashe kanta. Ma'aunin ma labarin kusurwar ya ba mu. Su kuwa 'ya'yan tarwada a kwanakinsu na farko a gindin tanki suke zama, inda ruwa ya fi sanyi.

Idan tankuna suna shan ruwa ɗaya, wurin hita shi ne inda dukan ruwan ke bi, watau cikin kwaramin tacewa. A kwantar da ita can ƙasa, a kan hanyar ruwa, kafin ya isa injin da ke tura shi. Ta haka kowace lita za ta ɗebi rabonta na ɗumi, ta gauraye, ta isa wurin kifi ba tare da ta ƙona kowa ba. Shi kuwa ma'auni, a kai shi gindin tankin da ya fi nisa da kwaramin, gama can ne gaskiya take.

Amma a kwaramin ma ba kowane ɗaki ba. Ɗakin ƙarshe, inda inji yake, shi ne ruwansa ke raguwa idan iska ta sha ruwa, sauran ɗakunan kuwa bangon da ya raba su yana riƙe musu nasu. Hita ta gilashi idan ruwa ya janye ya bar ta tana ci, fashewa take yi, ga kuma lantarki cikin ruwan da mutum ke tsoma hannu. Don haka ɗakin tsakiya ya fi dacewa. Sai batun ɗaukewar wuta, wanda ba sai mun yi wa kowa bayaninsa a zauren nan ba. Wuta takan dawo hita ta kama, inji ya ƙi tashi. Kwarami ya yi ɗumi, tankuna su huce, mai su yana barci. A ganinmu wanda ba shi da janareta ya ajiye ƙaramar hita a tankin ƙwai kawai ba zai amfane shi ba, tun da ita ma wutar take jira. Abin da zai cece shi shi ne rage zafin da ke tserewa, za mu zo kan wannan. Kuma ƙananan hita biyu sun fi babba ɗaya: idan ɗaya ta mutu ɗaya na nan, idan ɗaya ta ƙi kashe kanta ba ta da ƙarfin dafa kifin.

Ga wani lissafi da ya kamata mu yi kafin mu je kasuwa, ba mu yi ba. Ɗaga lita 1,000 na ruwa da digiri ɗaya yana cin wuta kimanin yunit 1.16. Daga digiri 20 zuwa 28 ke nan ya haura yunit 9. Hita mai wat 300 sai ta yi awa 31 tana ci kafin ta gama wannan aiki, ko da babu zafin da ke fita. Mu kuwa ruwanmu ya ninka haka.

Zafin kuma yana fita, ta hanyar da kowace uwa ta sani. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na shanye shi. Lita ɗaya da iska ta sha tana tafiya da zafin da ya isa ya sauke fiye da lita 500 da digiri ɗaya. Iskar hunturu busasshiya ce, tanki buɗaɗɗe a gabanta randa ce babba. Rufe tankuna da leda, da toshe tagogi da buhuna, sun yi mana aikin da hita ta biyu ba ta yi ba. Masu sa kurfoti na gawayi a ɗakin suna da hujja, amma hayaƙinsa marar wari yana kisa a rufaffen ɗaki, kada kowa ya kwana tare da shi.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne rijiyar burtsatse. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bin sanyin dare, yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a ƙasar Kano yake wajen digiri 26. Duk mai ɗiban ruwa da asubar hunturu ya ji ɗuminsa a hannu. Mu kuwa muna tura shi tankin sama da yamma, ya kwana a sarari ya huce, sa'an nan mu biya kuɗin wuta mu maido masa da abin da muka zubar. Yanzu mun naɗe tankin saman da buhuna da ƙaiƙayi, muna kuma jawo ruwa da asuba, mu bar shi ya zubo ta rariya ya sha iska, domin ruwan da ya fito daga ƙasa ba shi da isasshiyar iskar da kifi ke shaƙa. Ƙyanƙyasarmu ta biyu ta tsira, ko da yake ba ta maido da kuɗin ta farko ba.

Shugaba ya ɗaga mana agogo.