Tsarabar Soja: Me Za A Sa A Cikin Kwali?

(Jawabin da Edita ya yi wa iyaye da matan sojoji a ajin yaƙi da jahilci)

Iyayena da ƙannena, da yawanku kuna da ɗa ko miji a bakin daga a Jihar Barno, cikin rundunar da tun 2021 ake kira Haɗin Kai. Kun tambaye ni abin da ya dace a aika musu.

Ku fara da littafi. Soja ba ya samun dogon hutu, kuma a wurare da dama babu wuta, babu layin waya. Saboda haka ku zaɓi littafi maras nauyi, mai gajerun labarai, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ya karanta labari ɗaya, ya ajiye sai gobe. Ruwan Bagaja kuwa zai ba shi dariya. Ku guji labarin yaƙi da mutuwa, ya ishe shi gani da ido. Ku sa littafin a leda saboda ruwa da ƙura.

Abin ci sai mai jure tafiya: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kunu. Fura kan lalace a hanya. Ku haɗa da sabulu, safa, man shafawa don hunturu, da batirin tocila. Ban da kwalba, tana fashewa.

Sai wasiƙa. Kowace ta rubuta da hannunta, ko layi uku ne. Ku ba shi labarin gona da yara. Kada ku ambaci inda sansaninsu yake, don takarda kan faɗa hannun da ba nata ba.

Allah ya dawo mana da su lafiya, amin.