HOTON SARKI DA SARKIN KANSA: Nazari a Kan Zanen Luwi na 14 na Faransa



Na san wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi magana a kan zanen Faransawa. Dalilina shi ne, wanda ya daɗe yana nazarin waƙoƙin fada da kirarin sarauta ya saba da wata tambaya, watau mene ne bambancin abin da mai yabo ya faɗa da abin da yake tabbas? Sa'ad da nake karatu a ƙasashen Turai na tsaya gaban wani hoto a gidan tarihi na Lubur a birnin Paris, sai na ga tambayar nan ce dai a gabana, illa iyaka a nan da fenti aka yi yabon, ba da baki ba.

Tarihin Hoton

Luwi na 14 ya hau gadon sarautar Faransa a 1643 yana ɗan shekara 4, ya kuwa rasu a 1715 bayan ya shekara 72 a kan karaga. A 1700 jikansa Filib ya zama sarkin Sifen. An shirya a aika masa da hoton kakansa, aka ba da aikin ga wani gwani mai suna Hyacinthe Rigaud, wanda a baki ake kira Rigo. Da aka gama hoton a 1701, ya shiga ran sarki ƙwarai, har aka fasa aikawa da shi, aka rataye shi a fadar Bersai. Tsawonsa ya kai mita 2.77, faɗinsa kuwa mita 1.94, saboda haka duk wanda ya tsaya gabansa sai ya ɗaga kai.

Abin da Ido Ke Gani

Sarki na tsaye, ya yafa alkyabbar naɗi ta shuɗin karammiski, wadda aka yi wa ado da furannin zinariya, tambarin gidan sarautarsu. An yi mata shafi da farar fatar wata 'yar dabba mai tsadar gaske. A kwiɓinsa akwai takobin da ake dangantawa da Sarki Sharlaman, domin a nuna cewa sarautar tana da asali mai nisa. Kambin sarauta ba ya kansa, yana ajiye a kan matashi a gefe. Sandar sarauta kuwa ya juya kanta ƙasa ya dogara da ita kamar sandar yawo. Ma'anar wannan a fili take: mulki ya zame masa jiki, har ba ya bukatar ya riƙe kayansa da hannu biyu. Bayansa ga ginshiƙi na dutse, alamar kafuwa, ga jan labule ya yi masa rumfa.

Sai kuma ƙafafu. An ɗage alkyabba domin a nuna su cikin farar safa, miƙaƙƙu kamar na saurayi, da takalmi mai doguwar jar dunduniya, wanda alama ce ta 'yan fada. Wannan tuni ne ga ƙuruciyarsa, domin a 1653 ya yi rawa a fada a matsayin rana mai fitowa, kuma rana ce ya ɗauka ta zama tambarinsa.

Abin da Aka Rufe

To, a 1701 mutumin nan ya haye shekara 60. Ciwon gaɓɓai ya dame shi, an cire masa haƙoran sama tun 1685, an kuma yi masa aiki mai hatsari a 1686. Tulin baƙin gashin da ke kansa na aro ne. Rigo bai ɓoye tsufan fuska ba, ga kumatu sun zuba, ga baki ya shige. Sai ya ɗora fuskar dattijo a kan ƙafafun saurayi. Ba kuskure ya yi ba. Fuskar ta Luwi ce, ɗan Adam mai tsufa; sauran jikin kuwa na sarauta ne, wadda ake so a ce ba ta tsufa. A 1840 marubucin nan na Ingila, Takare, ya yi wa hoton zanen ba'a kashi uku: kayan sarauta tsaye babu kowa a ciki, sa'an nan wani tsoho mai sanƙo da tumbi, sa'an nan biyun a haɗe.

Har ila yau, babu talaka a hoton. Yunwar da aka yi a 1693 da 1694 ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar da yawan jama'arta bai wuce kimanin miliyan 20 ba. Gadon sarautar Sifen ɗin nan kuma, wanda ya zama sanadin hoton, shi ya jawo yaƙin da aka yi daga 1701 zuwa 1714, wanda ya tatike baitulmalin Faransa.

Daɗin daɗawa, hoton ba ado kawai ba ne, ma'aikaci ne. Masana tarihi sun nuna cewa idan sarki ba ya nan, hotonsa ke wakiltarsa a ɗakin karaga, kuma juya masa baya rashin ladabi ne, daidai da juya wa sarki baya. Ɗakin aikin Rigo ya yi ta fitar da kwafinsa ana rarrabawa.

Ranar da Fenti Ya Kasa

Amma yabo yana da iyaka. Bari mu matsa gaba shekara tamanin, zuwa zamanin Luwi na 16 da matarsa Mari Antuwanet. A 1783 wata gwanar zane, Elizabet Bije Labaran, wadda Faransawa ke rubuta sunanta Vigée Le Brun, ta zana sarauniya cikin farar rigar auduga marar ado. Jama'a suka ce an nuna ta cikin rigar ciki, dole aka sauke hoton aka sa wani mai rigar alharini. A 1787 aka sake gwadawa: aka zana ta a matsayin uwa tare da 'ya'yanta uku, babban ɗan yana nuna gadon jariri wanda babu kowa a ciki, domin 'yar autarta ta rasu a shekarar. Hoton ya yi kyau, amma bai sayo mata ƙaunar mutanen da burodi ya gagara ba. Juyin juya hali ya ɓarke a 1789, aka fille kan sarki a Janairun 1793, nata kuma a Oktoba. A watan Agusta na shekarar nan aka buɗe Lubur ga kowa da kowa, kayan sarakuna suka zama abin kallon talakawa.

Kammalawa

Ɗalibai, kada ku yar da irin wannan hoto don ya yi ƙari, kada kuma ku haɗiye shi ɗungurungum. Shaida ne ingantacce a kan yadda mai mulki yake so a gan shi. Yadda ya yi mulkin kuwa, sai a nemi wasu shaidu. Ku kuma ma'aikata, da yawanku kuna zaune ƙarƙashin hoton shugaba a ofis, kuna kuma rubuta rahotannin da za a kai masa. Rahoto ma yana iya zama alkyabba. Ran da za ku ɗauki alƙalami, ku tambayi kanku: fuskar nake zanawa, ko ƙafafun?