Akori-kurar da ta daina ja: a duba iska kafin a taɓa kafireta

Shugaban taro, malamai abokan aikina, shugabannin makanikai da na direbobi. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

Ba sai na tsaya ba ku tarihin akori-kura ba. Kun san Peugeot 404 da 504 da masana'antar Kaduna ta riƙa harhaɗawa tun daga 1975, kun san tsofaffin Hilux da Datsun. Har gobe su ne ke kwaso albasa daga Gada da Goronyo, su shigo da shinkafar Wurno, su kai kaya Illela ranar kasuwa. Abin da ya kawo ni shi ne ƙorafin da masu waɗannan motoci suka fi kawowa gareji: mota ta daina ja, tana nishi a hawa, an taka totur har ƙasa amma ta ƙi tafiya. Ku shiga Buzaye ko duk garejin da kuka ga dama a Sakkwato, amsar da direba zai fara ji ita ce, "Sai an wanke kafireta." Na daɗe ina jayayya da wannan amsa, yau ma ita zan yi. A cikin duk abin da ke kashe ƙarfin inji, kafireta ce ya kamata a taɓa daga ƙarshe.

Ga hujjata, kuma ina roƙon ku riƙe lissafin. Injin fetur yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska don ya ƙone kilo 1 na mai ƙonewa mai kyau. Idan aka mayar da wannan zuwa lita, kowace lita guda ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000. Motar da ta sha lita 10 a hanyar Illela ta zuƙi iska lita 90,000 ke nan, duk ta cikin matatar iska guda da ke saman kafireta. Injin 504 mai lita biyu, in yana juyi 3,000 a minti kuma an buɗe masa totur, yana shaƙar fiye da lita 2,000 a kowane minti. To, wace irin iska ce muke da ita a nan? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne. Sauran watannin rani kuma ƙurar hanyoyin ƙauye ce, wadda motar gaba ke tayarwa ta baya ta shaƙe. Matatar da aka ƙera da lissafin hanyoyin Faransa ba za ta kai wa'adin da littafin mota ya rubuta mata ba a hanyar Achida.

Idan matatar ta toshe, abin da ke faruwa daidai yake da a ja cok a bar shi a jaye. Iska ta ragu, zuƙar da ke cikin maƙogwaron kafireta ta ƙaru, sai ta jawo mai fiye da kima. Salansa ta fara baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi ƙirin, mota ta yi nauyi, shan mai ya hau. Makanike ya ga baƙin fulogi sai ya ce kafireta tana ba da mai da yawa. Gaskiya ya faɗa, amma bai tambayi abin da ya sa ba. Sai ya kwance ta, ya zura waya a cikin jet, ramin da aka auna daidai ya faɗaɗa, ya murɗa sukurun da aikinsa bai wuce daidaita silo ba. Mota ta fito da cuta biyu.

Ku ƙara zafi a kan wannan. A watan Afrilu ma'auni yana haura digiri 40 a Sakkwato. Iska mai digiri 43 ta fi mai digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi 9 cikin 100, wato silinda ta cika, amma abin da ke cikinta ya ragu. Kafireta ba ta da na'urar da za ta gane haka ta rage mai, don haka cakuɗin ya ƙara kauri. Motar da matatarta ta fara toshewa a Fabrairu, a Afrilu za ta durƙusa, alhali babu abin da ya lalace a jikin kafiretarta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganin da wasu suka ƙirƙiro: a cire matatar gaba ɗaya don mota ta sha iska. E, za ta ja na ɗan lokaci. Amma ƙurarmu yashi ce, yashi kuma yana cin ringi da bangon silinda. Bayan watanni ƙarfin matsi ya zube, mota ta fara shan baƙin mai, talaka ya tashi daga sayen matata ya koma sauke inji. Masu tsohuwar matata mai baƙin mai a gindinta, kada ku yar da ita. A wanke ragar, a canza man, ta fi ta takarda dacewa da ƙasarmu.

In iska ta tabbata lafiya, sai a koma kan mai, a ga ko yana isowa. Bayan da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, direbobin hanyar Illela suka ƙara dogara da 'yan bumburutu, jarka kuma ba ta rabuwa da laka da ruwa. Gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 kowa ya ga ɓarnarsa, irinsa kuwa yana lalata robar famfon mai. Alamar yunwar mai sananniya ce: mota tana silo lafiya, tana tafiya a hankali lafiya, sai an ɗora mata kaya an nemi gudu ta fara sheshsheƙa. A duba filta, a cire tiyo a ga yadda famfo ke tofarwa. A buɗe murfin tanki, in aka ji ya ja iska, to hujin numfashinsa ya toshe, abin da ke yawan samun masu toshe tanki da leda da tsumma. Direban da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da azahar ya gano wani abu na gaskiya: mai yana tafasa a cikin tiyo, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Maganinsa a nisanta tiyon da jikin inji da salansa.

Na uku wuta. Kwantak yana cinyewa, ratarsa a irin waɗannan motoci wajen milimita 0.4 ce, in ta kauce taimin ya kauce tare da ita. Taimin da ya yi latti yana kashe ƙarfi, yana kuma sa inji zafi, daga nan sai a cire tamostat a ce an yi gyara. A cikin distiribita akwai ƙarafan da ke gaggauta wuta in juyi ya ƙaru, ƙura tana daskarar da su, ba kasafai ake leƙa su ba. Sauran na san kun sani: ratar bawul, kulocin da ke zamewa, birkin da ya kama, salansar da ta toshe. A auna matsin silinda huɗun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Duk wannan in ya fita lafiya, to bismillah, a buɗe kafireta.

Wasu abokan aikina suna cewa wannan ɓata lokaci ne, zamanin kafireta ya wuce, ɗalibi ya koyi na'urar kwamfuta mai karanta cutar mota. Ya koya, ban hana ba. Amma 504 ba ta da inda za a jona wannan na'ura, kuma manomin Kware ba zai canza mota don manhajarmu ta canza ba. Wasu jami'ai kuma suna cewa a kawar da tsofaffin motoci daga hanya saboda hayaƙi. Hayaƙin nan mai ne da bai ƙone ba, gyara ke kawar da shi. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, duk litar da ta fita ta salansa kuɗin cefanen wani gida ce.

Abin da nake nema na sha faɗarsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a na jihar nan su ajiye injin kafireta mai tashi a ɗakin gwaji, ɗalibi ya gano cutarsa da hannunsa kafin a ba shi takarda. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta tanadi fitilar taimin, ma'aunin matsi da ma'aunin zuƙa a kowane rukunin gareji, a riƙa ara, tun da ba kowane oga ne zai iya saye shi kaɗai ba. Shugabannin tasha kuma, a Kara da tashar Illela, su sa a riƙa buɗe matatar iska duk mako a lokacin rani, su hana motar da aka cire wa matata ɗaukar lodi.