CIWON MAƘOGWARO BAYAN TIYATA: DALILINSA DA RIGAKAFINSA

Wannan shi ne jawabin da editan jaridar nan ya yi wa ɗaliban ajin manya. Mun buga shi don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Yau zan yi magana ne a kan wani ɗan ciwo da ke samun mutum bayan an yi masa tiyata a asibiti, wato ciwon maƙogwaro. Ciwon ƙarami ne, amma tsoron da yake jawowa babba ne.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. An taɓa yi wa goggona aiki a ciki. Da ta farfaɗo, sai ta ce ita ba cikin ne ya fi damun ta ba, wuyanta ne. Muryarta ta dushe, ko yawu ta haɗiya sai ta ji zafi. Nan take masu dubiya suka fara magana. Wata ta ce, "Aikin ciki aka zo yi, me ya kai su wuya?" Wani ya ce ai belu ne ya sauko, da an sallame ta sai a kira wanzami. Ni kuwa sai na je na sami jami'in da ya ba ta maganin barci, na tambaye shi. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Bayan kwana uku goggo ta koma cin tuwo, ba wanda ya taɓa wuyanta. Abin da na koya a ranar, da wanda na ƙara karantawa daga baya, shi na kawo muku.

ME YA SA AKE SA BUTUTU?

Tun shekarar 1846 aka nuna wa duniya, a birnin Boston na ƙasar Amurka, cewa za a iya sa mutum barci a yi masa aiki bai ji zafi ba. Amma wannan barci ya fi barcin dare nauyi. Wanda ke cikinsa ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya, sau da yawa ma numfashinsa ba ya isar sa. Saboda haka ake taimaka masa. A shekarar 1878 wani likita mai suna William Macewen, a birnin Glasgow, ya zura wa majinyaci bututu ta baki domin ya riƙa numfashi ana yi masa aiki. Daga nan aka yi ta gyara dabarar har ta zama yadda take a yau.

Bututun na roba ne mai laushi. Kaurinsa kamar ɗan yatsa, tsawonsa kamar rular 'yan makaranta. Sai mutum ya yi barci ake sa shi, shi ya sa ba ya sani. Yana bi ta baki, ya ratsa tsakanin tantanin da ke fitar da murya, ya shiga hanyar iska da ke zuwa huhu. Kusa da ƙarshensa akwai wani ɗan balan-balan da ake hura wa iska ya toshe gefe da gefe. Amfaninsa shi ne kada amai ko jini ya gangara cikin huhu. Idan an gama aiki, sai a sace iskar a zare bututun.

To, fatar cikin maƙogwaro tana da taushi ƙwarai, kamar ta cikin baki. Idan bututu ya goge ta, ko balan-balan ya danne ta na awa ɗaya ko biyu, dole ta ɗan kumbura. Ga kuma bushewa, don mutum ya daɗe bai sha ruwa ba. Kamar dai sabon takalmi ne da ya ci ƙafa. Ba a yanke komai ba, ba a cire komai ba.

Ciwon yana samun mutane da yawa. An fi ganin sa ga mata, don hanyar iskarsu ta fi ta maza ƙanƙanta. An fi ganin sa ga masu shan taba, da waɗanda aikinsu ya ɗauki lokaci mai tsawo, da waɗanda aka sha wahala kafin bututun ya shiga. Ga yawancin mutane yakan tafi da kansa cikin kwana 2 ko 3. Da wuya ya wuce mako guda.

ABIN DA MA'AIKATA KE YI

Rigakafin kashi biyu ne: akwai na ma'aikata, akwai namu. Su ma'aikata sukan zaɓi bututu daidai da jikin mutum. Mace babba akan sa mata mai faɗin milimita 7, namiji kuma mai 7 da rabi ko 8, yara kuwa ƙanana. Sukan kula kada iskar balan-balan ta yi yawa, har akwai ɗan ma'aunin da ake gwada ta da shi. Akwai allurar da ake kira deksametason, wadda ke rage kumburi da tashin zuciya. A wasu asibitoci akan ba mutum maganin kurkure maƙogwaro, ko alewar magani ya tsotsa kafin a shiga da shi. Wannan duk aikin likita ne. Kada wani ya je kemis ya ce a ba shi.

Ku sani kuma, ba kowane aiki ne ke bukatar bututu ba. Aikin ciro jariri da aikin kaba, sau da yawa allura ake yi a gadon baya. Daga ƙugu zuwa ƙafa ya mutu na 'yan awoyi, mutum yana farke, yana numfashi da kansa. Likita ne zai duba wanda ya dace da kai, amma ba laifi ba ne ka tambaya.

ABIN DA ZA MU YI KAFIN AIKI

Na ɗaya, mu gaya wa likita gaskiya. Idan kana mura ko tari ko maƙogwaronka yana ciwo, faɗa masa. Idan ba aikin gaggawa ba ne, yana iya ɗaga ranar har ka warke. Gaya masa in kana da haƙori mai girgiɗi, ko kana minshari sosai, ko an taɓa yi maka aiki ka sha wuya. Faɗi duk maganin da kake sha, na asibiti da na gargajiya. Kada ka ji kunya.

Na biyu, mai shan taba ya daina. In ya samu mako 4 ko fiye kafin ranar aiki, ya fi kyau. Hayaƙin taba yana sa maƙogwaro kumburi tun kafin bututu ya taɓa shi, yana kuma sa tari bayan an farfaɗo.

Na uku, mu kiyaye dokar abinci. A bisa ƙa'ida, ba a cin abinci awa 6 kafin aiki, in mai maiƙo ne ko nama, awa 8. Ruwa zalla akan bari a sha har zuwa awa 2 kafin aiki, amma a bi lokacin da likita ya faɗa. Ku lura, koko da kunu da fura da madara duk abinci ne, ba ruwa ba ne. Iyayena mata, na san tausayi ne ke sa a ba majinyaci koko a ɓoye don ya ji ƙarfi. Wannan tausayi yana iya kashe shi, domin in ya yi amai cikin barci, huhu zai tafi. In ma an riga an ba shi, a faɗa.

Na huɗu, a wanke baki da kyau da asuwaki ko buroshi a safiyar ranar, ba tare da haɗiye ruwan ba.

BAYAN AN FARFAƊO

Kada a ba majinyaci komai sai nas ta ce a ba shi. In an ba da izini, ya fara da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Daga nan sai abu mai laushi, kamar koko ko kunu mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. A ɗaga masa ƙafa daga yaji da ƙanzo da soyayyen abu na 'yan kwanaki.

In ya iya zama sosai, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi mai tsabta. Ya ɗaga kai ya kurkure maƙogwaro, ya zubar. Ya yi haka sau uku ko huɗu a rana. Cokalin zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba, mai ciwon suga kuma ya tambaya tukuna.

Ya huta da magana. Masu dubiya, a gaisa a taƙaice, kada kowa ya zo sai ya ba shi labarin aikin daga farko. In an koma gida, a nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta da ƙurar hunturu. Maganin ciwon da aka ba shi a asibiti yana taimaka wa wuyan ma. Kada a ƙara masa wani daga mai talla, don wasu magungunan suna sa wurin aiki zubar jini.

Babban gargaɗina shi ne wannan: kada a kira wanzami. Ba belu ba ne. Wanda aka yi wa tiyata ya riga ya rasa jini, jikinsa bai yi ƙwari ba. In aka sa masa aska a wuya, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. An gudu daga gara ke nan an faɗa gidan zago.

YAUSHE ZA A KOMA ASIBITI?

A garzaya nan da nan idan numfashi yana yi masa wuya ko yana fita da ƙara, idan ya kasa haɗiye ko da yawu, idan wuyansa ya kumbura, idan yana tofar da jini, ko zazzaɓi ya rufe shi. Haka kuma a koma idan ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya wuce mako guda, ko murya ba ta dawo ba bayan mako biyu.

'Yan'uwa, abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, labari yana yawo a ƙauye. Wata za ta ji an ce wance ta dawo daga tiyata ba murya. Ranar da naƙuda ta yi mata gardama, likita ya ce sai aiki, sai ta ƙi, ko mijinta ya ƙi sa hannu. Ciwon kwana uku bai kai a yi asarar uwa da ɗa saboda shi ba. Wannan bututu da ya goge maka wuya, shi ne ya riƙe maka numfashi lokacin da ba ka san inda kanka yake ba.

Don Allah wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.